NAZARI: Hawan dutse mai aman wuta: Abin da tsibirin Fogo ya tanada, Biu da Mangu suka rasa

Matashin da ke zaune a Sama Road cikin birnin Sakkwato yana duba wayarsa ya saba cin karo da irin wannan bidiyo: baƙi sun taso tun asuba, ɗan jagora a gaba, hantsi na ɗagawa sun isa ƙololuwar dutse mai aman wuta a wani tsibiri, teku ya kewaye su. Kafin la'asar sun sauko.

Tafiyar yini guda ce, amma bayanta akwai aikin hukuma na shekaru: masu sa ido kan motsin dutsen, masu ba ɗan jagora izini, da masu ceto idan ƙafa ta zame. Inda ɗaya daga cikin ukun ya yi rauni, da rai ake biya.

Darasin Fogo

Akwai misali a cikin ECOWAS. Dutsen Pico do Fogo na ƙasar Cape Verde yana da tsayin mita 2,829, kuma mazauna Chã das Caldeiras, yankin da ke gindinsa, su ne ke yi wa baƙi jagora zuwa sama su dawo a rana ɗaya.

Ranar 23 ga Nuwamba, 2014 dutsen ya fara aman wuta, bai lafa ba sai Fabrairun 2015. Narkakken dutse ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, domin an kwashe mutanen kafin wutar ta iso gidajensu. Da yawansu sun koma sun sake gini, baƙi kuma sun dawo. Ƙasar da jama'arta ba su wuce kimanin rabin miliyan ba tana samun kusan kashi ɗaya cikin huɗu na arzikinta daga yawon buɗe ido, saboda haka ta san abin da gawar baƙo ɗaya za ta jawo mata.

Inda sakaci ya ci rai

Indunisiya ta fi Cape Verde yawan irin waɗannan duwatsu da yawan baƙi, amma ta sha ɗanɗana kuɗarta. Ranar 3 ga Disamba, 2023 Dutsen Marapi da ke tsibirin Sumatra ya yi aman wuta, mutum 75 na kansa, 24 suka mutu. Tun 2011 masana suka gargaɗi jama'a da kada su kusanci bakin dutsen da ƙasa da kilomita uku. Gargaɗin yana rubuce, amma an ci gaba da barin mutane suna hawa.

Ranar 21 ga Yuni, 2025 kuma wata 'yar Brazil mai shekara 26 ta faɗa kwazazzabo a Dutsen Rinjani na tsibirin Lombok, tana cikin ayarin da ke da ɗan jagora. Jirgi marar matuƙi ya ɗauko hotonta da rai. Masu ceto ba su kai gare ta ba sai ranar 24 ga watan, sun tarar ta rasu. Hukumomi sun ɗora jinkirin kan hazo da tsananin gangara. 'Yan Brazil ba su gamsu ba, suka yi wa shafukan Shugaba Prabowo Subianto ruwan ƙorafi, har Shugaba Lula da Silva ya sauya doka domin gwamnati ta iya biyan kuɗin mayar da gawar ɗan ƙasa gida. Hawan dutse na mutum ɗaya ya zama maganar ƙasa da ƙasa.

Duwatsun gida

Najeriya ba ta rasa hajar ba. Tsaunin Biu a kudancin Borno cike yake da duwatsun da suka taɓa aman wuta suka mutu, kuma Tafkin Tila a bakin ɗaya daga cikinsu yake. A Ƙaramar Hukumar Mangu ta Jihar Filato akwai duwatsun Kerang da Tafkin Pidong. Duk ana iya hawansu a sauko cikin yini, ba tare da fargabar wuta ba.

Fargabar a nan ta mutum ce. Biu na cikin jihar da ke fama da Boko Haram tun 2009. Mangu ta sha rikicin da ya kai ga dokar hana fita ta awa 24 a Janairun 2024. Basakkwacen da ya ce bari ya fara da na kusa, Dutsen Kwatarkwashi a Zamfara, sai ya bi hanyar Gusau, wadda masu garkuwa da mutane suka addaba. A Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari wurin shaƙatawa na Kajuru Castle a Jihar Kaduna, suka kashe ɗan Najeriya da 'yar Birtaniya.

Ba wai gwamnati ba ta san haɗarin irin wannan ƙasa ba. Ranar 21 ga Agusta, 1986 iskar guba ta taso daga Tafkin Nyos na Kamaru, wanda shi ma a bakin dutse mai aman wuta yake, ta kashe mutum fiye da 1,700. Tsoron ɓallewar tafkin ne ya sa aka gina Madatsar Kashimbila a Taraba. Akwai kuma cibiyar auna motsin ƙasa a Toro ta Jihar Bauchi. Ilimin yana nan. Abin da babu shi ne tsarin da zai haɗa shi da tsaro da aikin ceto.

Ma'aikata ba ta hawa dutse

A Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kafa ma'aikatar yawon buɗe ido mai zaman kanta. A Oktoban 2024 ya haɗe ta da ta al'adu ƙarƙashin Hannatu Musawa. Sauya sunan ofis a Abuja bai sauya komai a gindin dutse ba.

Asarar kuwa ta matasa ce. Jagoranci sana'a ce da ba ta buƙatar babban jari, sai sanin hanya, horo kan taimakon gaggawa da takardar shaida. Kuɗin baƙo yana sauka kai tsaye hannun ɗan acaɓa, mai abinci da mai masauki a ƙauyen da masana'anta ba za ta taɓa zuwa ba. Kullum baƙo bai zo Tila ko Pidong ba, waɗannan ne suka kwana ba ciniki.

Don haka duk gwamnan da ya sake alkawarin mayar da jiharsa cibiyar yawon buɗe ido kafin zaɓen 2027, tambayoyi uku suka dace da shi. 'Yan jagora nawa jihar ta horar ta ba shaida? Wa ke da ikon rufe hanyar hawa idan an ga haɗari? Idan baƙo ya karye a kan dutse da azahar, wa zai sauko da shi kafin magariba?

Duk wanda ya hau motar kwaɗayi, in ji masu iya magana, a tashar wulaƙanci zai sauka. Jihar da ta kira baƙi kafin ta amsa waɗannan tambayoyi, hanyar Marapi ta ɗauka.