Ku buɗe Django ku ga abin da ke ciki

Yau a Yamai, Maradi ko Damagaram, yaro zai iya haɗa ma ƙungiya shafin intanet cikin sati guda. Ya kalli bidiyo a YouTube, ya kwafo, ya liƙa, shafi ya tashi. Madalla. Amma ranar da abu ya lalace, sai ka ga ya yi tsuru-tsuru, yana jiran wani Bature ya taɓa yin irin tambayarsa. Ni wannan yana damuna, don cikin irin shafukan nan ne ƙungiyoyinmu ke ajiye sunaye da lambobin wayar membobinsu.

Mu ɗauki Django, wanda ƴan Python da yawa ke gini a kansa. A gidan wata jarida ta garin Lawrence, jihar Kansas ta Amurka, aka ƙirƙire shi, aka sake shi kyauta a 2005. Duk kod ɗinsa a buɗe yake. Kuma abin da mutane ba su lura ba: tun ranar da ka sauke shi, yana nan cikin kwamfutarka, a jakar site-packages. Ba ka buƙatar ko dala ta kiredi don ka karanta shi.

Kada ka ce za ka fara daga farko har ƙarshe, wallahi za ka gudu. Fara da abin da kake kira kullum. Buɗe shortcuts.py ka nemi get_object_or_404. Ƴan layuka ne: ya nemi abu a rumbun bayanai, in babu ya jefo kuskuren 404. Shi ke nan hwa! Abin da kake ma kallon tsafi, mutum irinka ne ya rubuta.

Daga nan ka leƙa views/debug.py. Sabon aikin Django yana zuwa da DEBUG = True, kuma in ka manta ka ɗora shi haka, shafin nan mai ruwan ɗorawa da ke fitowa lokacin kuskure zai nuna ma kowane baƙo sassan kod ɗinka da saitunanka. Django yana rufe wasu, amma da suna yake gane su: in sunan na ɗauke da kalma kamar KEY, PASS, SECRET ko TOKEN. Kai kuwa da ka sa ma makullin sirrinka suna da Hausa, a fili zai fito. Wanda ya karanta fayil ɗin ya san wannan.

Za a ce Turancin Ingilishi ne, mu da Faransanci muka yi lakwal. Gaskiya ne, akwai wahala. Amma kalmomin ba su da yawa, su ne suke ta dawowa. Yaron gareji ma bai jira ya iya Sinanci ba kafin ya kwance injin babur.

Shugabannin ƙungiyoyi, ku ma da ku nake. Kafin ku miƙa ma wani sunayen mutanenku, ku tambaye shi yadda shafin ke ɓoye kalmar sirri. Amsar tana cikin hashers.py. In bai taɓa buɗe shi ba, ku ba shi sati guda ya karanta ya dawo.