Ba kwalba ke yanke shawara ba

Daren da anka biya burs, abokin ɗakinmu ya hau moto ya tafi mashaya da ƴan fadarsu. Wajen ƙarfe biyu na dare anka kira mu asibiti: ƙafa ta karye wuri biyu, wanda ya ɗauko a baya kuma bai san inda kansa yake ba. Da safe baffansa ya zo ya ce: «Sharrin Shaiɗan ne.» Gwaggonsa ta ce: «Abokan banza ne sunka ja shi.» Kowa ya gyaɗa kai, anka yi addu'a, anka watse.

To ni ban yarda ba. Ban ce babu Shaiɗan ba, ban ce abokai ba su da tasiri ba. Amma amsoshin nan biyu suna mai da saurayi kamar buhun gero, a ɗauka nan a aje can. Yaron nan ya ci bak, yana shekara ta biyu a jami'a. Yana da tunani, kuma lissafi ya yi kafin ya tafi. Lissafin ne ya ɓaci, shi ne kuma ba mu son dubawa.

Lissafi na farko: «Kowa na sha, ni kaɗai zan zama bagidaje?» A 1993, masu bincike biyu, Prentice da Miller, sun tambayi ɗaliban jami'ar Princeton ta Amurka. Sai ga shi yawancinsu shaye-shayen makarantar na damunsu a zuci, amma kowane na zaton sauran ba su damu ba. Ka duba fadarku. Mutum biyu ne masu surutu kan abin da sunka sha jiya. Sauran takwas shiru suke, kowa na tsoron a ce da shi ƙauye. Mai shiru ba a ƙirga shi, ka ga biyu sun zama «kowa».

Na biyu: «Tana cire mini kunya, tana kore damuwa.» Tun 1973 Alan Marlatt da abokan aikinsa sunka gwada wani abu: an ba mutane abin sha, wasu an ce musu da barasa ciki, wasu an ce babu. Waɗanda sunka zaci barasa ce sun fi kwankwaɗa, ko da kuwa ba ɗigo ɗaya a kofin. Ma'ana, wani kaso na abin da kake jira daga kwalba, kai ka zo da shi cikin kanka. Damuwar kuwa, ta rashin aiki ko ta jarrabawa, tana nan gobe da safe, ta samu ƙanwa: bashi da ciwon kai.

Na uku shi ne ya fi haɗari: «Ɗaya kawai, na san iyakata.» Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke auna sakamako yana ce maka dakata, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Kuma yana cikin wuraren da barasa ke fara raunanawa. Ke nan mai gadin da ka dogara da shi ya tsayar da kai a kwalba ta biyu, shi ka fara bugarwa da ta farko. Wanda ya ce «zan iya tuƙi» ƙarfe biyu na dare ba ƙarya yake ba, wallahi haka yake ji. Ma'aunin ne ya lalace.

Shi ya sa nake faɗa da ɓangare biyu. Manyanmu da ke ganin tsinuwa ta wadatar: Baba, mun san haramun ce tun muna makarantar allo. Wanda ya karye ɗin nan ma ya sani. Abin da ba a koya mana ba shi ne mi za ka ce in babban fada ya miƙo maka kofi gaban mutum goma. Ku da kanku kun karantar da mu cewa hanin giya mataki-mataki ya sauka, sai da anka gyara tunanin mutane. Don mi ku kuke son gamawa da tsawa ɗaya? Yaron da ya san zagi kawai zai samu a gida, ɓoyewa zai yi, sai an kira ku asibiti.

Sai ku ƴan'uwana wayayyu masu cewa «rayuwata ce, ƴancina ne». Wane ƴanci? Ƙananan ledojin barasa masu arha ba don tausayinka anka yi su ba. An yi su daidai aljihun ɗalibi da ɗan kabu-kabu, su shiga aljihu ba wanda ya gani. Har hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta sanar da hana irinsu a 2024. Wani ya zauna ya yi lissafin rauninka, kai kana kiran abin zaɓi. Kuma wanda ka goya a moto, shi ma rayuwarka ce?

Shawara da la'asar ake yanke ta, lokacin da kai ke daidai. Ka tsara amsarka tun daga ɗaki, gajera, ba wa'azi: «Na gode, ni shayi nike sha.» Ranar burs, ka ba wanda ka amince da shi kuɗin ajiya kafin magariba. In ka ga abokinka ya sha, karɓe makullin moto, ya zage ka yau, ya gode gobe. In kuma kana cikin takwas ɗin nan masu shiru, buɗe baki sau ɗaya. Za ka ga ba kai kaɗai ba ne.

Abokin namu yana tafiya da sanda yanzu, shekarar karatu ta wuce shi. Na tambaye shi yaushe abin ya ɓaci. Bai ce kan hanya ba. Ya ce: «Tun ƙarfe huɗu, da na ce ɗaya kawai.»