Haƙar kwal: darasin Inugu ga manoman da ke makwabtaka da ramuka

Gwamnatin Tarayya na ta kiran masu zuba jari su shigo harkar ma'adinai, kamfanonin siminti kuma na ƙara dogaro da kwal wajen hura wutarsu. Ana haƙarsa a Maiganga ta ƙaramar hukumar Akko a Gombe, ana haƙarsa a yankin Ankpa na Kogi. 'Yan'uwa manoma, in gonarku na kusa da irin waɗannan wurare, ku tambaya tun yanzu: ranar da kamfani ya tattara kayansa, wa zai gyara ƙasar?

Inugu ta riga ta ga amsar. A 1909 aka gano kwal a yankin Udi, aka fara haƙa a 1916. Da jiragen ƙasa suka koma amfani da man dizil, ga kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sai harkar ta yi ta ja da baya har ta tsaya. Ramukan kuwa suna nan. Ruwan da ke fitowa daga tsofaffin ramukan Onyeama ya daɗe yana gangarawa kogin Ekulu.

Ga yadda abin yake faruwa. A jikin duwatsun da ke tare da kwal akwai sinadarin ƙarfe da farar wuta. Da zarar an tono su iska da ruwa suka taɓa su, sai ruwan ya yi tsami, ya narkar da ƙarfe, ya koma ja kamar tsatsa. Wannan ruwan in ya shiga fadama, ƙasa kan yi tsami, shuka ta kasa cin takin da kuka zuba, kifi ya ƙare a rafi. Kuma ba ya daina fitowa don an rufe kamfani. Yakan ɗauki shekaru aru-aru. Ban da wannan, ƙasa kan rufta a kan ramukan da ke ƙarƙashi, tsohon rami kan tara iskar da ke shaƙe mutum, kududdufin da aka bari kuma tarko ne ga yara da dabbobi.

To mene ne abin yi? Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya ƙulla yarjejeniyar ci gaban al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, ya biya diyyar amfanin gona da itatuwa, ya kuma gyara wurin bayan ya gama. Amma takarda ba ta aiki da kanta. Ƙungiyarku ta nemi kujera a zaman, kar a bar wa masu gari kaɗai. A rubuta ƙarara cewa za a ware ƙasar sama a adana ta, a cike ramuka, a tace ruwa kafin a sake shi.

Abu mafi muhimmanci shi ne ku sa a gwada ruwan rijiyoyinku da ƙasar gonakinku kafin a fara haƙa, ku ajiye sakamakon da hotuna. Ba tare da wannan shaida ba, gobe za a ce muku dama haka ruwan yake.

In kun riga kun ga jan ruwa a rafi, ku daina ban ruwa da shi, ku daina shayar da dabbobi, ku sanar da malamin gona da hukumar NESREA a rubuce. Farar ƙasa ta noma na rage tsamin gona, amma sai an tare ruwan daga inda yake fitowa, in ba haka ba kuɗinku ne zai tafi a banza.