Hotunan Yaƙi: Wa Ya Ɗauka, Kuma Ina Suke?

Duk wanda ya daɗe a Ikko ya san barikin Myohaung na Yaba da barikin Arakan na Apapa da kuma barikin Dodan na Ikoyi, haka kuma mazauna Sabon Badun sun san barikin Letmauk. Sunayen nan ba na Yarabanci ba ne, ba kuma na Turanci ba. Daga ƙasar Bama aka kawo su, inda sojojin Nijeriya, waɗanda da yawa daga cikinsu 'yan Arewa ne, suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945 ƙarƙashin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Mazajen da suka yi wannan yaƙi kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage wanda ido zai iya gani shi ne hotunan da aka ɗauke su a fagen fama, kuma wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a tambayi wanda ya ɗauki hotunan nan, da dalilin da ya sa aka ɗauke su, da kuma inda suke ajiye a yau.

A cikin 1941 ne rundunar sojan Ingila ta kafa sashe na musamman na masu ɗaukar hoto da fim. Akan horar da mutanen sashen a gidan shirya finafinai na Pinewood, a ba su igiyar saje, sa'an nan a tura su bakin daga da 'yar ƙaramar bindiga a ƙugu. Na'urar da suke riƙewa wani ake mata da hannu kamar agogo, kuma naɗin fim ɗaya ƙafa 100 ne, watau bai fi na minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba. In ya ƙare, tilas mutum ya duƙa ya sauya wani alhali harsashi na wucewa bisa kansa. Na'urar ba ta ɗaukar sauti, saboda haka duk rugugin igwa da ake ji cikin finafinan zamanin nan daga baya aka ɗora shi a ɗakin aiki. Bayan ya gama ɗauka, sajen zai rubuta takardar bayani ya faɗi wurin da ranar da abin da ya gani, ya haɗa da fim ɗin a aika wa masu tacewa. Sau da yawa shi kansa ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan watanni, in Allah ya yi masa tsawon rai.

Babu mai musun jaruntakar waɗannan mutane. Wasunsu sun mutu da na'ura a hannu. Robert Capa, wanda ya sauka gaɓar tekun Faransa tare da sojojin Amurka a watan Yuni 1944, nakiya ya taka a ƙasar Biyetnam a 1954. Kuma aikinsu ya yi amfanin da ba a zata ba. Lokacin da sojojin Ingila suka shiga sansanin Bergen-Belsen na Jamus a watan Afrilu 1945, sajojin wannan sashe ne suka ɗauki gawawwakin da aka tara tuli-tuli, kuma an nuna fim ɗin gaban kotun da ta yi wa masu gadin sansanin shari'a a wannan shekarar. Da ba don shi ba, da masu cewa ƙarya ake yi sun sami bakin magana.

Amma fa mai ɗaukar hoton soja soja ne, kuma wanda ya ba shi na'ura shi ke da ikon abin da za a nuna. Fim ɗin Desert Victory na 1943, wanda ya ci babbar lambar yabo a Amurka, akwai wuraren da aka shirya su a Pinewood aka cusa cikin na gaskiya, don kuwa yaƙin dare ba ya ɗaukuwa. Shahararren hoton nan na sojan Rasha yana kafa tuta bisa majalisar Jamus a Balin a watan Mayu 1945, sai da aka goge agogo ɗaya daga hannun wani soja kafin a buga shi, don kada a ce ganima ya kwasa. Labarin Ronald Haeberle ya fi duka bayyana al'amarin. Shi mai ɗaukar hoton sojan Amurka ne, yana wurin ranar 16 ga Maris 1968 sa'ad da aka karkashe ɗaruruwan ƙauyawa a My Lai ta Biyetnam. Hotunan da ya ɗauka da na'urar gwamnati ya miƙa su ga shugabanninsa, amma na kisan da tasa na'urar ya ɗauke su, ya riƙe abinsa har watan Nuwamba 1969 da wata jarida ta Cleveland ta buga su. Da a ce na'ura ɗaya ya rataya a wuya ran nan, mai yiwuwa ne da duniya ba ta taɓa ganinsu ba.

To, yaya aka yi da sojojin Nijeriya a Bama? An ɗauke su, babu shakka. Akwai su suna ƙetare kogin Kaladan, akwai su ɗauke da kaya a ka cikin ƙungurmin daji inda mota ba ta shiga, akwai su suna tsintar abincin da jirgin sama ya jefo. Wasu daga cikin hotunan sun dawo gida ta hannun sashen finafinan mulkin mallaka da aka kafa a 1939 ƙarƙashin William Sellers, wanda dā ma'aikacin kiwon lafiya ne a Ikko. Motocin majigi suka riƙa zagayawa gari gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar isha'i, tafinta na bayani da Hausa. Manufar ita ce a ƙara samun masu shiga soja, a kuma ƙara tara gudummawar yaƙi, don haka ba a nuna wa uwa ɗanta kwance da zazzaɓin cizon sauro ba. Abin da ya fi ciwo shi ne bayanin da ke ƙarƙashin hotunan. Sau da yawa akan ambaci hafsan Bature da sunansa da muƙaminsa, shi kuwa baƙin soja sai a ce "wani sojan Afirka ta Yamma" kurum. Mutum ya bar Katsina ko Bauci ko Yola, ya ƙetare teku, amma a takarda ba shi da suna.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya zo da wani darasin. Ɓangaren Biyafara ya ɗauki wani kamfanin talla na birnin Janeba mai suna Markpress, ya riƙa kai 'yan jaridun Turai da jirgin dare. Hotunan yara masu ciwon yunwa da irin su Don McCullin da Gilles Caron suka ɗauka sun girgiza Turai da Amurka. Yunwar nan gaskiya ce, kuma babu ɗan ƙasa na kirki da zai yi musunta. Sai dai Gwamnatin Tarayya ta makara wajen gane cewa hoto ma makami ne. A 1968 wani hafsan Tarayya ya harbe fursuna gaban masu ɗaukar fim na wani gidan talabijin na Ingila, hukumar soja kuwa ta yanke masa hukuncin kisa, aka kuma zartar. A watan Oktoba na shekarar ne aka harbe Priya Ramrakha, ɗan ƙasar Kenya mai yi wa mujallar Life aiki, kusa da Owerri yana tare da sojojin Tarayya. Shekaru da dama bayan haka aka tsinci tarin hotunansa a wani gareji a Nairobi. Daga cikin 'yan ƙasa, marigayi Peter Obe na jaridar Daily Times ya bi sojoji bakin daga, ya kuma tara aikinsa cikin littafi a 1971.

Yau wanda ke son ganin kakansa a Bama, gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan zai nufa, ko ya nema ta intanet. Abin da aka ajiye a gida kuwa halinsa abin kunya ne. An gano tarin gwangwanayen fim sun yi tsatsa cikin tsohon ginin sashen finafinai a Ikko, aka kuma tsinci Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda sai da aka kai shi Jamus aka gyara kafin a nuna shi a Balin a 2018. In fim ɗin da aka yi daga littafin Firayim Minista na farko ya sha wannan wulaƙanci, ina ga fim ɗin kurtun da ba a san sunansa ba?

Saboda haka wannan jarida na kira ga Ma'aikatar Tsaro da Hukumar Finafinai ta Ƙasa da ke Jos su nemi kwafin duk hoto da fim na sojojin Nijeriya da ke Landan, a ajiye a Jos da gidan tarihin yaƙi na Umuahia, a kuma zagaya da su garuruwa kamar yadda majigi ya yi dā, ko a sami masu gane iyayensu a rubuta sunayen. Kamata ya yi kuma a kafa dokar da za ta tilasta wa rundunar soja ajiye abin da masu ɗaukar hotonta ke ɗauka a yaƙin Arewa maso Gabas da aka fara tun 2009, mai daɗi da marar daɗi, tare da suna da rana da wuri, a buɗe shi ga jama'a bayan wa'adin da dokar za ta ƙayyade. Su kuma sarakunan Hausawa na Agege da Idi Araba da Shagamu da Sabon Badun, akwai gidajen tsofaffin sojoji da yawa a unguwanninsu. Su sa a fito da hotunan da ke ƙasan adaka tun damina ba ta cinye su ba, a rubuta sunan mai hoton da garinsu da bataliyarsa a bayan kowanne, tun masu iya shaida su na da rai.