Zancen Zaure: Wayar Hajiya da Motar Ƙanena

A wannan karo labarin gidanmu na kawo muku, to amma na tabbata da yawa daga cikinku za su ji kamar a zaurensu aka yi shi.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na kwashi maiɗakina da yara daga Digel muka tafi Ambasatna gaida Hajiya mahaifiyarmu, da niyyar mu kwana, mu kuma wuni Lahadi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, amma tun da waya ta shigo hannunmu sai muka mai da ita a yatsa. Da na yi lissafi sai na ga wata biyu cur rabona da gidan, alhali kuwa duk a cikin Injamena muke. Ƙanena ma ya hayo gadar Shaguwa daga Waliya da nasa iyalin. Ga kuma Kawu, tsohon direban da ya yi jigila tsakanin nan da Maiduguri ta Kusuri da Gamboru tun ana haye ruwa da jirgin fito, kafin a gina gadar Ngeli a 1985. Aka ci tuwo da miyar kuɓewa da kifin Shari, aka kora da karkanji mai sanyi, gida ya cika da hayaniyar jikoki.

Bayan la'asar sai Hajiya ta kira ni. Ta ce, "Kai malamin jarida, zo ka duba mini abin nan. Kwana huɗu ke nan ta ƙi buɗe mini saƙo." Na karɓi wayar. Manhajar da take aika saƙon murya da ita ta tsaya cik, ta rubuto da Faransanci cewa sai an sabunta ta. Na danna sabuntawa, wayar ta ce ba ta da wuri. Na ce to bari in shiga in rage kaya, manhajar ta ce ba shiga sai an sabunta. Wannan shi ne an kulle ɗaki an bar makulli a ciki.

Ana cikin haka ɗan ƙanena, yaro ɗan shekara 14 wanda ake ji da shi a gida wajen sanin waya, ya ce shi ya san maganin abin. Hajiya ta ce, "To maigidana, ai aikinka ne," ta miƙa masa. Allah ya sa na leƙa ta kafaɗarsa. Ashe nufinsa ya wanke wayar gaba ɗaya ta koma kamar ranar da aka sayo ta, kuma saura dannawa ɗaya tak ya gama. Na riƙe hannunsa. Abin da yaron bai sani ba shi ne, a cikin wayar nan akwai saƙonnin muryar Malam mahaifinmu, waɗanda ya riƙa aiko wa Hajiya lokacin da yake jinya a Kano kafin Allah ya karɓi abinsa. Kullum bayan sallar asuba sai ta kunna ɗaya ta saurara. Ba a taɓa ajiye su a wani wuri dabam ba. Da yatsan nan ya sauka, shi ke nan, muryar Malam ta tafi.

Ga yadda abin yake, domin masu irin wannan matsala. Waya tana da rumbun ajiya, na Hajiya giga 16 ne, kuma wani kaso mai yawa na rumbun tsarin da ke tafiyar da wayar ne ya cinye shi tun daga kamfani. Kowace sabuntawa manhaja ƙara ƙiba take yi. Sauran wurin kuwa hotunan barka da Juma'a ne suka cika shi, da bidiyon wa'azi da na biki da ake turowa a zaurukan dangi, waɗanda ke sauka da kansu ko mutum bai nema ba. Na tarar da bidiyo guda ya sauka sau shida daga zaure shida.

Na hau kilando na je wajen masu kayan waya a bakin Babbar Kasuwa na sayo katin ajiya. Muka bi ta ma'ajiyar wayar muka fara kwafe muryar Malam a katin, na kuma kwafe a tawa wayar, sa'annan muka shiga share tarkace, muka hana bidiyo sauka da kansa. Sabuntawar ta cinye mini kuɗin intanet, ta katse sau biyu, wuta ma ta ɗauke muna tsaka da caji. Da aka gama kuma sai ga wata sabuwa: sun canza wa maɓallai wuri da launi. Hajiya ba ta karanta boko, da wuri da launi take gane komai. Ta duba ta ce, "Wannan ai ba wayata ba ce." Watau wasu mutane a wata ƙasa mai nisa, waɗanda ba su san da zamanta ba, sun shigo ɗakinta da dare sun sake wa kaya wuri.

Da dare bayan isha'i aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora shayi, sai ƙanena ya kawo tasa maganar. Shekara shida yana tara kuɗi daga cinikin atamfa, yanzu yana son ya sauka daga babur ya sayi mota, domin yara sun yi yawa. Motoci biyu ya gani. Ɗaya ƙirar Turai ce, ta shigo ta Duwala, tana sheƙi, giyarta da kanta take shiga, da maɓalli ake tayar da ita, ga allo a gaban direba kamar talabijin. Ɗayar kuwa Toyota Corolla ce mai giyar hannu, ta kwana biyu, ta biyo ta Kwatano. Kuɗinsu ba su yi nisa da juna ba, kuma kowa ya ga yadda idonsa ke haske ya san wadda zuciyarsa ta zaɓa.

Kawu ya kurɓi shayi ya ce, "Yaro, a zamaninmu Peugeot 504 muke ja, wadda ake haɗawa a Kaduna. In ta tsaya a daji, da sifana da filaya da guntun waya sai ta tashi. Wannan taka in ta tsaya a Waliya, wa za ka kira?" Ya kuma tuna mana da 1987, shekarar da sojojin Cadi suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum a kan motocin a-kori-kura na Toyota, har duniya ta sa wa faɗan suna Yaƙin Toyota. Ya ce ba banza ba ne duk garejin da ka shiga a garin nan kayan gyaransu ne a rataye.

Ƙanena ya ce, "Kawu, ai duniya gaba take yi." Kuma yana da gaskiyarsa. Tsohuwar mota da ta gaji shan mai gare ta, mai kuwa ba araha. Ko da yake muna da matatar Jarmaya tun 2011, a watan Fabrairun 2024 an ɗaga litar fetur daga sefa 518 zuwa 730, watau ƙarin sefa 8,480 ga mai cika tanki na lita 40. Bugu da ƙari motocin zamani sun fi kare rai in an yi haɗari, saboda balan-balan ɗin da ke fitowa daga sitiyari da birkin da ba ya kullewa. Ita 504 ɗin Kawu ma an daɗe da daina ƙera ta.

Ni dai da na buɗe baki sai na ce ya tuna da abin da ya faru da la'asar. Motar yau waya ce mai ƙafa huɗu. Tana da ƙwaƙwalwa da ke auna mai da iska da zafin inji ta hanyar ƙananan na'urori, in ɗaya ta rikice sai fitila ta kama, wani lokaci motar ta ƙi gudu ko ta ƙi tashi. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Turai ga motocin fetur, doka ta tilasta a sa wa mota wata kafa da ake jona na'urar bincike don ta faɗi ciwonta. Ita Corollar ma tana da ƙwaƙwalwa, bambancin kawai shi ne makanikan garin nan sun san halinta. Waccan kuwa an ƙera ta ne don ƙasar sanyi da kwalta mai santsi. Mu nan muna da ƙurar hunturu, da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da man kwalba na bakin titi, da taɓon Agusta. Shi da ke zaune a Waliya bai manta da ambaliyar 2022 ba, lokacin da kwale-kwale ya maye gurbin mota a unguwarsu. Mota mai giya da kanta kuma in batir ya mutu, ko duk samarin unguwa sun tura ba ta tashi.

Don haka shawarata gare shi, da duk mai karatu da ya tara gumin shekaru zai zuba a ƙarfe, ita ce kafin ya tambayi dillali kuɗi, ya fara zuwa wajen makanikensa ya tambaye shi ko ya taɓa kwance irin injin nan. Ya zaga wajen masu kayan gyara ya ga ko akwai famfon manta da fitilarta a ƙasa, ko kuwa sai an aika Duwala ko Kano an jira mako uku. Ya kuma duƙa ya duba tsayin cikinta daga ƙasa, ya kwatanta da ramukan layinsu. Takardun duwan ma a gan su da ido kafin kuɗi su bar hannu. Abin da ba a iya gyarawa a garinku, ko ka biya kuɗinsa aro ne a hannunka.

Ƙanena bai ce ya yarda ba, ya dai ce ranar Litinin zai ɗauki makanike su je su duba duka biyun. Da asubar Lahadi kuwa, ina kwance a zaure na jiyo muryar Malam tana fitowa daga ɗakin Hajiya, yana tambayar lafiyar yara. Ashe ƙaramar jikarta ce ta kwana tana nuna mata inda sabon maɓallin ya koma. In akwai irin wannan murya a wayar tsohuwarku, ku kwafe ta yau, kada ku jira gobe.

Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.