A DUBA TAKARDUN ALHAJI TUN YANA GIDA

A watan Nuwamba na shekarar 2023 wani jirgin sama ya kwashi fasinjoji 264 daga Ikko da Kano ya sauka da su Jidda. Saukarsu ke da wuya hukumomin Sa'udiyya suka soke bizarsu baki ɗaya. Bayan an sha roƙo da ban baki aka bar 87 suka shiga, sauran 177 kuwa aka juyo da su gida. Sa'udiyya ta ce bayanan da suka bayar wajen neman biza ba daidai ba ne. Ko ma dai wane ne da gaskiya, kuɗin jirgi ya riga ya halaka, ga kuma kunyar komowa gida ga wanda dangi da maƙwabta suka yi wa rakiya har bakin mota.

Ba wannan ne karo na farko ba. Masu karatu za su tuna watan Satumba na 2012, sa'ad da aka tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya kimanin dubu a filayen jiragen Jidda da Madina bisa zancen muharrami, har Gwamnatin Tarayya ta dakatar da jigilar alhazai na 'yan kwanaki. Sa'udiyya ta janye wannan sharaɗi daga baya, amma tambayar da ya haifar tana nan daram. Idan har akwai abin da zai hana mutum shiga ƙasa, don me ba za a faɗa masa tun yana tsaye a ƙasarsa ba?

Akwai dabarar da wasu ƙasashe suka daɗe da ita. Ƙasar da za a je ita ce ke aiko da ma'aikatanta na shige da fice da na kwastan su zauna a filin jirgin ƙasar da za a tashi, su duba fasfo da biza da kaya kafin matafiyi ya taka jirgi. Amurka ce ta fara a Toronto ta Kanada a 1952. Daga baya ta kai tsarin Shanon da Dablin a ƙasar Ailan, ta kai shi Abu Dabi a 2014. Jirgin da ya taso daga waɗannan wurare yakan sauka Amurka tamkar jirgin cikin gida, fasinja ya ɗauki jakarsa ya kama gabansa. Ingila da Faransa ma haka suke yi wa juna a Kale da Doba tun bayan yarjejeniyar da suka ƙulla a 2003.

Wanda ya fi shafarmu shi ne na Sa'udiyya, wato shirin Hanyar Makka, wanda aka gwada da alhazan Malesiya a 2017. Ana keɓe zaure guda a filin jirgin ƙasar maniyyata. A nan jami'an Sa'udiyya ke ɗaukar hoton yatsu, su duba takardar allurar rigakafi, su buga wa fasfo hatimin shiga. Kaya kuma a liƙa musu lamba gwargwadon masaukin mai su. In jirgi ya sauka Jidda ko Madina, alhaji ya wuce kai tsaye cikin mota, kayansa su same shi a masauki. Duk wanda ya taɓa ganin tsoho ɗan shekara saba'in, sanye da harami, yana gyangyaɗi a kan layi bayan tafiyar sa'a biyar a sama, ya san girman wannan sauƙi.

A aikin Hajjin 2025 ƙasashe takwas ne suka ci moriyar shirin: Malesiya, Indunusiya, Pakistan, Bangaladash, Maroko, Turkiyya, Kwaddibuwa da tsibiran Maldib. Nijeriya ba ta ciki. Abin mamaki ne, domin a 2023 kujera 95,000 aka ware mana, alhazan Kwaddibuwa kuwa ko kwatan namu ba su kai ba, amma tun a wannan shekara aka shigar da su.

Wasu za su ce ai wannan miƙa wuya ne, ƙasa mai 'yanci ta bar ɗan sandan wata ƙasa yana yanke hukunci a cikin gidanta. Maganarsu abin dubawa ce. A Kanada, dokar da ta fara aiki a 2019 ta ba jami'an Amurka damar riƙe makami a wasu wurare, ta kuma ba su ikon tambayar matafiyin da ya fasa tafiya sunansa da dalilin fasawarsa. A Abu Dabi masu masauki ne suka ɗauki kusan kashi 85 cikin ɗari na kuɗin aikin. Saboda haka abin ba kyauta ba ne. Sai dai mu tambayi kanmu gaskiya: ikon hana mutum shiga Sa'udiyya dama a hannun wa yake? A hannunsu yake, ko an zauna a Ikeja ko an zauna a Jidda. Bambancin kurum shi ne, wanda aka tsayar a Ikeja zai hau mota ya koma Agege ko Idi Araba ya kwana a ɗakinsa, ya nemi gyaran takardarsa kafin jirgin gaba. Wanda aka tsayar a Jidda kuwa ba shi da harshe, ba shi da dangi, sai benci da bango.

Abin da ya wajaba shi ne a rubuta sharuɗɗa sarai tun farko. Ikon baƙi ya tsaya ga cewa "shiga" ko "kada ka shiga". Kama mutum da tsare shi ya zama aikin hukumominmu, bisa dokarmu. Wanda aka hana kuma a ba shi dalili a rubuce.

Babban cikas, a ganina, daga gida yake. Sa'udiyya ba za ta baza ma'aikatanta a kowane lungu ba. Pakistan da Islamabad kaɗai ta fara, sai a 2024 aka ƙara Karaci. Mu kuwa alhazanmu suna tashi daga filaye fiye da goma, don kowane Gwamna yana so a ɗauke shi hoto yana ɗaga wa jirgi hannu a jiharsa. In ana son wannan alheri, dole wasu su haɗiye girman kai a tara maniyyata a wurare kaɗan. Mu kuma mazauna Kudu, daga Sabon Badun zuwa Shagamu da Anaca da Fatakwal, muna da haƙƙin cewa kada a manta da Ikko in an zo rabo, domin fataken goro da na shanu da 'yan canji da yawa daga nan suke biyan kuɗin kujerarsu.

Shirin na lokacin Hajji ne, bai shafi mai zuwa Umra ko ziyara ba, don haka da bai ceci fasinjojin 2023 ba. Wannan ma abin da za a sa a teburin shawara ne. Muna kira ga Hukumar Alhazai ta Ƙasa da Ma'aikatar Harkokin Waje su fito su gaya wa jama'a inda aka kwana a kan wannan batu. Wakilan jam'iyyarmu a Majalisar Tarayya kuma su kira shugabannin hukumar gaban kwamiti, su tambaye su wane filin jirgi suka shirya, da kuma wace shekara za a fara.