Kada ku kashe kalmar sirri don kawai kwamfutoci su ga juna

Lokacin da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ke rige-rigen miƙa furojet, filashi na yawo daga hannu zuwa hannu a shagunan buga takardu na Samaru har zuwa ɓangaren Bomo, yana kwasar bairos duk inda aka soka shi. Shi ya sa wasu masu shago ke haɗa kwamfutocinsu a kan rauta ɗaya, su buɗe folda guda da kowace na'ura za ta iya ajiya a ciki. Dabara ce mai kyau. Rikicin yana farawa ne ranar da sabuwar laftof mai Windows 11, ko MacBook, ko mai Ubuntu ta ƙi buɗe foldar. Sai a kira mai gyara, ya kashe neman kalmar sirri, ya kunna SMB1, komai ya buɗe, a sallame shi da godiya. A ganina wannan gyara ya fi matsalar muni.

Na'urorin nan uku duk harshe ɗaya suke yi wajen raba fayil, wato SMB. Windows da shi ta zo. Linux tana amfani da Samba, wadda Andrew Tridgell ya fitar a Ostareliya a 1992. Apple kuwa tun 2011 ta ajiye Samba ta rubuta nata. Inda suke saɓawa shi ne wajen tantance mai neman shiga, kuma galibi ƙaramin abu ne. Lambar PIN da kake buɗe Windows da ita a kan wannan na'urar kaɗai take aiki, folda ta hanyar sadarwa ba ta san ta ba. Samba tana da nata kundin kalmomin sirri daban, sai ka shigar da mutum da umarnin smbpasswd -a ko da yana da asusu a kwamfutar. A Mac kuma, cikin zaɓuɓɓukan File Sharing, akwai inda ake sa alama a kan asusun da za a bari ya shigo daga Windows.

Wata ƙin buɗewar ma da gangan ce. A Windows 11 sigar 24H2 ta 2024, Microsoft ta wajabta sa hannun tsaro a kan saƙonnin SMB, ta kuma hana bugun Pro shiga folda a matsayin baƙo marar kalmar sirri. SMB1 kuwa tun 2017 aka fara daina kunna shi a sabuwar Windows 10, shekarar da WannaCry ta bi ta wata kafa a cikinsa ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida.

Mai shago zai ce shi wa zai kawo wa hari? To, a duba abin da ke cikin foldar: takardun NIN, hotunan fasfo, sakamakon JAMB da WAEC, da furojet ɗin da ba a kai ga karewa ba. Shagon da ke bai wa kwastoma lambar Wi-Fi, sannan foldarsa a buɗe, ya miƙa duk wannan ga mai waya da ke zaune a benci, domin manhajojin duba fayil na Android da yawa suna jin SMB. Kayan ma ba na mai shago ba ne, amana ce aka bar masa.

Gyaran gaskiya bai kai minti goma sha biyar ba. A kwamfutar da ke riƙe da foldar, a buɗe asusu ɗaya na cikin gida, marar ikon shugaba, mai suna kamar "bugawa", da doguwar kalmar sirri. Shi kaɗai za a ba izinin foldar. Sauran na'urori su shiga da shi sau ɗaya su adana. A Mac da Linux ana rubuta smb:// sannan adireshin IP na kwamfutar, don haka a kafe adireshin a rauta, kada ya sauya duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tada janareto. Yaron shago ya bar aiki, a canza kalmar.

Uzuri ɗaya nake saurara: tsofaffin injinan fotokwafi na gwanjo da ba su san komai ba sai SMB1 wajen tura sikanin zuwa folda. A fara neman sabuwar manhajar injin daga kamfanin da ya ƙera shi. In babu, a ware masa tsohuwar kwamfuta ɗaya da waya kai tsaye, wadda ba ta taɓa intanet ko Wi-Fi na kwastomomi.